Zabin Gwaggo Sabuwa

Ranar Talatar da majalisar dokokin jiharmu ta zauna a kan maganar agajin ƙasashen waje, ina ofishinmu na unguwar Karama a Dubai, na jingina waya da kofin shayi, ina kallo ina cika takardun kwantena. Sunana Muhsinat. Shekarata huɗu ina aiki da wata ƙaramar gidauniya ta wata dattijuwar Balarabiya da muke kira Ummu Rashid. Aikina shi ne in tabbatar kaya sun bar Dubai sun isa inda aka nufa da su, kuma ba yabon kai ba, ko allura ba ta taɓa ɓata a hannuna ba.

Wannan kwantenar kuwa ta gida ce. Gadajen haihuwa shida ne a ciki, da firjin allurai mai aiki da hasken rana, da na'urar duba ciki, duka na ɗakin haihuwar da gidauniyar ta gina a Marken Dutse, ƙauyen mahaifina. An gama gini har an yi fenti. Kaya suna tashar jiragen ruwa ta Jabal Ali, jirgi zai tashi ranar Alhamis, abin da ya rage kawai Ummu Rashid ta sa hannu. Daga Marken Dutse zuwa asibiti mafi kusa tafiyar awa biyu ce a kan babur, in ba damina ba. In da damina kuwa, mai naƙuda sai addu'a, kuma mun binne mata da yawa saboda hanyar nan.

Ana cikin buɗe zaman sai ga Mu'awiya, ɗan Kano mai kamfanin jigilar kaya a unguwar Deira, wanda yake yi mana lodi. Takardu ya zo karɓa, amma da ya ji Hausa tana fitowa daga waya sai ya ja kujera.

"Hajiya Kwantena, yau kuma siyasa ake yi a ofis?"

"Malam Mu'awiya, in za ka zauna ka zauna, amma ka rufe min baki. Dokar nan in ta wuce, kai ma lodinka ya ragu."

"Khalas, shi ke nan, na yi shiru," in ji shi, ya kuwa ɗauki biskit ɗina ba tare da ya tambaya ba.

Dokar da ake muhawara a kai ta ce duk wata ƙungiyar waje ta dakata da aiki sai gwamnati ta tantance ta, kuma duk kayan da za ta kawo su bi ta hannun ma'aikata. Wanda ya kawo ta shi ne Honorabul Bashar, wani dogo mai farar hula, Allah Ya ba shi baki. Ya miƙe ya gyara babbar riga, ya ce, "Mai girma Shugaban Majalisa, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mutanen nan suna shigowa garuruwanmu ba sallama. Su ƙirga 'ya'yanmu, su rubuta sunayen matanmu, su haƙa rijiya inda suka ga dama, su gina aji inda babu malami. In sun gama ɗaukar hoto su tafi, famfo ya lalace ba mai gyara. Mu ne muka san inda ɗakinmu yake yoyo. Yaushe za mu daina miƙa hannu?"

Ban so ba, amma na gyaɗa kai. Na ga irin rijiyoyin da yake faɗa da idona, an rubuta sunan mai bayarwa da manyan baƙaƙe, awaki suna kwance a gindin famfon.

Sai Honorabul Bilqis ta karɓa, ita kaɗai ce mace a zauren. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Na yarda a tantance su. Amma matar da jini ya ɓalle mata a bayan babur ba ta tambayar daga wace ƙasa gadon ya fito. Kafin mu ce wa baƙo ya dakata, mu fara nuna wa matan nan namu gadon. Ina yake?" Aka ɗan yi gunaguni, wasu suka buga tebur. Mu'awiya ya ce wannan da a mazaɓarsa take da ta samu ƙuri'arsa.

Na ɗauka an wuce wurin. Ashe Bashar da sauran magana. Ya sake miƙewa, ya jawo wani babban hoto daga cikin fayil, ya ɗaga shi sama yadda kyamara za ta kama.

Ni ce a jiki. Ni Muhsinat, cikin koriyar atamfa, haƙora duka a waje, zabo ɗaya a wannan hammata, ɗaya a waccan. A gefena ga Gwaggo Sabuwa tana miƙo min kwalbar man shanu.

"Ga agajin kyautan nasu," in ji Bashar. "Wannan ma'aikaciyar wata gidauniya ce daga Dubai, a Marken Dutse. Ku dubi tsohuwar nan. Zabin da take kiwo aka karɓe mata kafin a ba ta magani."

Mu'awiya ya dubi waya, ya dube ni, ya ajiye biskit.

Bari in faɗi yadda aka yi. Wata huɗu kafin nan na kai kayan farko, safar hannu da magunguna da fitilu. Gwaggo Sabuwa yayar babana ce, kuma ita ce ungozomar garin fiye da shekara arba'in. Rabin mutanen Marken Dutse a tafin hannunta suka fara kuka, har da ni. Ita ta karɓi kayan a madadin mata. Da aka gama sauke su sai ta shiga gida ta fito da zabi biyu da man shanu, ta ce ga tukuici. To, ɗan aiken da ya kawo maka alheri ba ya komawa hannu rabbana, wannan ko yaro ya sani. Na ce, "Gwaggo, ki bar shi," sau ɗaya. Ta yi min wani kallo da na sani tun ina goye. Na karɓa, na durƙusa na yi godiya, washegari aka yi mana farfesu. Hoton kuwa ba wanda ya sace shi. Ni da hannuna na tura shi zauren danginmu na waya, inda muke mu wajen ɗari biyu, ban san ta hannun wa ya fita ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Shugaban majalisa ya buga gudumarsa. Ya ce an miƙa dokar ga kwamiti. Maganar hoto kuma, gidauniyar ta aiko da bayani a rubuce kafin zaman ranar Alhamis, in ba haka ba a riƙe izinin buɗe ɗakin haihuwar Marken Dutse har sai an gama bincike. Duk wanda ya san binciken kwamiti ya san ana iya yaye yaro kafin a gama shi.

Akwai kuma abin da Bashar bai sani ba, ni na sani. A takardar ɗaukata aiki akwai layin da ya ce ma'aikaci ba zai karɓi komai daga hannun waɗanda ake taimaka wa ba, ko dabino ɗaya ne, wanda ya karɓa kuma ya bar aiki. Na karanta shi, na sa hannu a ƙasansa. Ranar da Gwaggo ta miƙo min zabin, wallahi ko kusa bai zo min a rai ba. A kaina doka tana maganar cin hanci ne, wannan kuwa gwaggota ce.

Mu'awiya ya matso da kujera. "Hajiya, ji nan. Tsohuwar nan taku Hausa take ji? Gobe ki kai mata takarda ta sa hannu, jirgi ya tashi. In kaya suna kan ruwa sai a yi maganar."

"Kaya su isa su tarar da ƙofa a rufe? Su zauna a rana har firjin ya lalace?"

"To ki ce ba ke ba ce."

"Da waɗannan haƙoran?"

Ya yi dariya, ni ban yi ba. A jirgin ƙasa zuwa unguwarmu Al Nahda na tsaya a tsaye har gida, ina jin haushin Bashar, ina jin haushin dangina, na fi jin haushin kaina.

Ranar Laraba Ummu Rashid take zuwa ofis. Ta haura saba'in, 'yar ƙarama ce, ba ta da hayaniya, kullum da butar gahawarta a gefe. Ban jira wani ya riga ni ba. Na ajiye mata takardar kwantena a dama, na ajiye wayata da hoton a hagu, na ba ta labari da Larabcina na jami'a daga farko har ƙarshe. Ta daɗe tana kallon hoton.

"Tsuntsayen nan suna ina?"

"Mun cinye su."

Ta ɗan yi murmushi. "To abin mai sauƙi ne, habibti. A sayi biyu irinsu, da man, a mayar mata a gaban mutanen gari, a ɗauki hoto. Mu rubuta wa majalisarku cewa tsohuwa ce ba ta san ƙa'idarmu ba, an mayar mata da kayanta. Ke kuma in ja miki kunne. Khalas."

Na ce, "Ba zai yiwu ba."

"Saboda me?"

Na yi ta kame-kame. Na ce a wurinmu ba a mayar da hannun kyauta baya. Na ce ana cewa yaba kyauta tukuici. Da na juya su zuwa Larabci sai suka fito ba gishiri, ni kaina na ji. Ta ɗaga min hannu ta ce in kira mata tsohuwar, ta ji daga bakinta.

Na kira Sa'adiya, ma'aikaciyar jinyar da aka tura garin, na roƙe ta ta kai wa Gwaggo waya. Muka same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta kawo fuskarta dab da gilashi har hancinta kawai muke gani, sai da Sa'adiya ta ja wayar baya. Aka yi gaisuwa mai tsawo. Gwaggo ta tambayi gida, da yara, da gajiya, da zafin garin, ni ina juyawa. Ummu Rashid ma ba baya ba ce wajen gaisuwa, sai da na fara tunanin ba za a zo kan magana ba.

Da aka zo, na faɗa wa Gwaggo abin da aka ce a majalisa, da abin da Hajiya Ummu Rashid take so a yi. Ta ajiye gyaɗar. Ta karkaɗe zaninta.

"Musina," haka take kirana, "gaya wa Hajiya na gode, Allah Ya saka mata da gidan Aljanna, Ya jiƙan mahaifanta. Faɗa mata wannan tukuna."

Na faɗa.

"Sannan ki ce mata zabin nan ba ƙwace min aka yi ba, ba kuma roƙona aka yi ba. Ni na sa wa kaza ƙwansu ta ƙyanƙyashe, ni na kiwata su. An aiko min da alheri, na sallami ɗan aike, shi ke nan. Wanda aka ba shi bai yi tukuici ba, ai bara ya yi. Ni kuwa ban taɓa bara ba, ko shekarar da muka ci dusa. Shi wancan mai farar hular, da ya zo ya tambaye ni da na gaya masa. Bai zo ba. Yanzu ita ma za ta tara min mutane a ƙofar gida, a miƙo min abina, a ce ban san abin da nake yi ba?"

Ta ɗan tsaya, ta gyara ɗankwali.

"In haka ne, ta riƙe gadajenta, ba faɗa. Amma ƙafata ba za ta taka ɗakin nan ba."

Sa'adiya ta juyo da wayar wajenta, ta rage murya. "Anti Muhsinat, kin dai sani. In Gwaggo ba ta shiga ba, babu macen da za ta shiga. Ni wata uku ina garin nan, duk wadda ta zo wurina Gwaggo ce ta rako ta."

Na sani mana. Ummu Rashid tana kallona tana jira, kuma ba ta jin ko kalma ɗaya, duk abin da na ce shi ne. Zan iya cewa tsohuwa ta ce a yi haƙuri, tana neman alfarma. Har na shirya yadda zan faɗa. Sai na ga in na yi haka, ni ma na shiga layin masu yi wa Gwaggo magana ba tare da sun tambaye ta ba. Na juya maganar yadda take, har da riƙe gadajen, ban rage komai ba.

Ummu Rashid ta zuba gahawa, ba ta sha ba. Sannan ta ce in gaya wa Gwaggo ba za a mayar mata da komai ba, kuma tana roƙon ta yafe mata. Gwaggo ta ce ba komai, Allah Ya yafe mana baki ɗaya, ta koma kan gyaɗarta. Aka kashe waya.

"Tana da gaskiya," in ji Ummu Rashid. "Da mahaifiyata ce, abin da za ta faɗa ke nan, wataƙila ma da zagi." Ta juya ɗan kofin a hannunta. "Amma dokar nan ni na kafa ta, Muhsinat, kuma ba don wasa ba. Mun taɓa samun ma'aikaci a wata ƙasa, sai an ba shi akuya yake rubuta sunan gida. Shi ma cewa ya yi al'ada ce. Ina da mutane a ƙasashe bakwai. In aka mayar da kyautar, zan iya cewa an gyara. In ba a mayar ba kuma na bar ki, me zan ce musu? Me zan rubuta wa majalisarku gobe? Wasiƙar nan dole ta ce wani ya yi kuskure."

Ba ta ƙarasa ba, ba ta kuma buƙatar ƙarasawa. Ko Gwaggo mai bayarwa, ko ni mai karɓa.

Na ce, "Ni ce na yi."

"Kin san abin da hakan yake nufi. Bizarki a kan aikin nan take."

"Na sani."

"Ki yi tunani shwaiya, ko kaɗan ne. Je ki sha ruwa ki dawo."

Ban je ko'ina ba. In na fita ƙofar nan zan tuna ɗakina na Al Nahda da na sha wahala kafin na samu, da ƙannena biyu da suke makaranta, da yadda nake son aikin nan, kuma na san kaina, zan iya dawowa da wata dabara. Na zauna a gaban kwamfuta na rubuta wasiƙar da kaina, da Turanci, layi shida. Na ce Malama Sabuwa ta yi abin da al'adar garinta ta tanada, da ra'ayin kanta, bayan an riga an ba ta kaya, babu wanda ya nema a wurinta. Na ce ma'aikaciyar ta san ƙa'idar gidauniya, ta karya, kuma an sallame ta daga yau. Injin buga takardun da kullum sai na yi faɗa da shi, ranar ko gardama bai yi ba.

Ummu Rashid ta sa aka karanta mata sau biyu. Ta sa hannu a wasiƙar, sannan ta jawo takardar kwantena ta sa hannu. Ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba, ta ce za ta rubuta min shaidar aiki mai kyau. Na yi godiya. Na shiga banɗaki na yi kukana, mai isata, na wanke fuska, sannan na kira Mu'awiya na ce ya zo ya ɗauki takardunsa kafin a tashi.

Da ya zo ya ji labari, bai yi tsokana ba. Ya tsaya yana juya hularsa, ya ce, "Saboda zabi biyu, Hajiya."

"Da man shanu," na ce. "Yalla, ka tafi kar jirgi ya bar mu."

Ranar Alhamis jirgi ya tashi da azahar. A majalisa aka karanta wasiƙata. Honorabul Bashar ya miƙe ya ce wannan ya nuna in aka tsaya tsayin daka baƙi ma suna bin doka, aka tafa masa. Aka saki izinin Marken Dutse. Dokar tasa kuwa tana wurin kwamiti, ban san ranar fitowarta ba, kuma har yanzu ina ganin akwai abin gyara a maganarsa, akwai kuma na ɗauka.

Da la'asar ina cikin ɗakina ina naɗe labule sai ga kiran Sa'adiya. Gwaggo ce take son magana.

"Musina, an ce kaya sun taso."

"Sun taso, Gwaggo. Nan da sati shida in Allah Ya yarda."

"Madalla. Na sa an share ɗakin, an yayyafa ruwa. Matar Sanda ce ma nake ga za ta fara, watanta bakwai. Ke za ki kawo su?"

"Zan ma riga su isowa."

"Hutu suka ba ki?"

"Eh, Gwaggo. Hutu."

"Kai, mutanen kirki. Ki gaishe min da Hajiya, ki ce ina nan ina yi mata addu'a. Allah Ya bar ku tare."

Na ce amin. Har yau Gwaggo ba ta san abin da ya dawo da ni gida ba, kuma duk wanda ya gaya mata, ni da shi ne.